Ruwan Gwajin Banɗakin Bene

Shekarar da na gama ɗan benena a Gwallameji, kaina rawa yake kamar na sabon ango. Burina ɗaya: Inna ta baro tsohon gidanmu na Gwallaga, inda take ita kaɗai tun rasuwar Baba, ta dawo wurina. Na ware mata ɗaki mafi sanyi a ƙasa. Ta zo ta duba, ta ɗaga kai ta tambayi me ke sama. Na ce banɗaki. Ta gyara mayafi ta ce ba za ta yi salla a ƙarƙashin ruwan wankan kowa ba.

Na garzaya wurin mai sa mini tayil, wani dattijo mutumin Tafawa Ɓalewa. Ya ce Inna tana da gaskiya, tayil ado ne, ruwa na bin tsakaninsa. Abu biyu ake sawa a ƙarƙashi: allon kumfa, irin wanda ake naɗe sabon firji da shi amma an shafe shi da siminti, ko shimfiɗa kamar leda mai kauri da ake mannawa, baki bisa baki.

Ni kuwa allon ya tafi da hankalina. Mako guda ina yawo da guntunsa a keke, ina tsoma shi a kofi a ofis don jama'a su ga ba ya jiƙa, har abokan aiki suka fara gudu in sun hango ni. Dattijon ya bar ni na gama zumuɗina, sannan ya ce allo maganin karkataccen bango ne, nawa kuwa bulo ne da filasta, ya miƙe sarai. Shimfiɗa ta isa. Na haƙura ina ƙunƙuni.

Da ya manna ta, ya toshe magudana, muka zuba jarka shida na mai kura, ya ja layi da fensir a bakin ruwan. Ya ce kada a taɓa sai gobe, in ruwan ya sauka daga layin to akwai yoyo. Na ɗauko Inna ta kwana biyu ta zama shaida, amma don ɗoki na manta ban gaya mata yadda gwajin yake ba.

Washegari da hantsi na haura da gudu. Babu ruwa ko ɗigo. Na ɗauka duk ya yoye ƙasa. Na sauko na tarar da zannuwanta a igiya, zogalen tsakar gida ya sha ya ƙoshi, matata na riƙe da bokiti tana kukan dariya. Ashe Inna, da ciwon gwiwarta, ta hau benen ta sa an kwashe ruwan tas.

"Wane marar hankali ne ya zubar da ruwan saye a ƙasa?" in ji ta.

Muka sake cikawa, na kulle ƙofa na sa makulli a aljihu. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakin nan na ƙasa, ta wuni da carbi, idonta na kan rufin ɗakin. Da gari ya waye ruwa na kan layin fensir, bai motsa ba. Na gaya mata ina haki. Ko kallona ba ta yi ba.

"Igiyar shanyar nan ta yi mini tsawo," ta ce. "A sauko da ita, ba zan yi ta ɗage kullum ba."

Ni, magidanci mai 'ya'ya uku, sai da na taka rawa a tsakar gida.