Cinikin da Ya Gagare Ni a Tompkinsville

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Parkchester, ni da yayata da ɗanta. Wata ƙungiyar wasan ƙwallon besbol ce ta zaɓi yaron a zaɓen sababbin 'yan wasa na bana, za mu Tompkinsville mu ga wakilinta kan kuɗin sa hannu. In ba a daidaita ba, sai ya jira shekaru kafin a sake zaɓensa, in ma an sake. Ni aka ɗauko don na iya ciniki, Kantin Kwari ne ya raine ni.

Jirgin ƙasa cike da ma'aikatan asibiti masu gyangyaɗi. Jirgin ruwan Staten Island kuwa kyauta ne, a garin da ruwan sha ma sai ka biya. Da muka sauka na sayi ƙosai a shagon wata 'yar Kumasi, farashinsa ya sa na tauna a hankali.

Wakilin ya yi tayi, na ce albarka. Ya yi murmushi ya shiga bayani. Wai kowane matsayi a zaɓen da ƙimarsa, a haɗa duka ya zama kason ƙungiya na bana. In sun zarce a ci su tara, in sun zarce da yawa a ƙwace musu zaɓen baɗi. Na ce ai ku ba matsiyata ba ne. Ya ce kuɗi akwai, izini ne babu. Nan kaina ya ɗaure. Mai kuɗi yana son kaya, amma an hana shi ƙari?

Sai na ɗauko dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na miƙe, na gyara hula, na nufi ƙofa ina jiran a ce "dawo, Alhaji." Har na kai bakin titi ba wanda ya kira ni. Na tsaya a rana ina zufa.

Can yaron ya fito. Ya ce, "Kawu, extra ɗin nan, ƙarin da kake nema, daga kason abokina na unguwar Highbridge za su yanka. Ƙungiya ɗaya ta ɗauke mu." Ya koma ciki ya sa hannu a yadda aka taya.

Da la'asar muka iso gida, yayata sai share hawaye take tana sa masa albarka. Lissafin nasu har yau bai zauna mini ba, kuma kunyar tsayuwar nan ba ta sake ni ba. Abin da na fahimta ɗaya ne: na raka yaro don kada a cuce shi, shi kuma ya hana ni cutar ɗan wani.