Habu da Motar Surukinsa

Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa bayan La'asar, sai maigidana ya shigo bai ko cire takalmi ba. Ya ce, "Malama, sa hijabinki, za mu Ajingi." Sai da muka bar Gaya sannan ya ce, "Habu ne. Sai haƙuri." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Habu ƙanena ne, ni na goye shi. Bakanike ne, a Kano ya koyi gyaran manyan motocin nan da bayansu ke zaune a kan jakar iska. Ya taɓa yi mini bayani cewa idan za a cire jakar, sai an ɗaga motar da jak an tokare ta da gungume, domin da zarar an zare bututun iskar, jikin motar ƙasa yake yi. Yakan ce, "Yaya, jak ɗagawa kawai ya iya, riƙon amana sai gungume." Ba ya taɓa Alƙur'ani sai ya cuɗe hannunsa da toka. Ko lalataccen ƙarfe ya cire, sai ya miƙa wa mai mota, ya ce, "Naka ne, ko a bola."

Amma Habu bai iya musa wa babba ba. Ran nan kawun matarsa Hajara ya zo ta'aziyya daga Kano, jakar bayan motarsa ta huje a wani ƙauye kusa da Ajingi. Aka kira Habu, ya zo a babur da jak kaɗai. Wurin yashi ne, babu gungume kusa. Ya tsuguna ya gai da surukinsa. Kawu ya ce, "Ɗana, ka taimaka, ina so in isa gida kafin Magariba." Da baƙo ne, na tabbata Habu zai ce a jira a nemo itace. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu." Ya shiga ƙarƙashi, ya kwance ƙusoshi, ya zare bututu. Jak ya nutse cikin yashi, motar ta danne shi.

Waɗanda ke wurin sun ce sun ciccibi motar da hannu ta ƙi, suka koma tona ƙasa da fartanya. Yana ƙasa yana magana da ƙyar. Ya ce, "Ku gaya wa Yaya, kada a riƙe Kawu a zuciya." Daga nan sai kalimar shahada.

Yanzu Hajara tana takaba a ɗakinta. A gabanmu ba ta iya ambaton kawunta, a gaban danginta tana haɗiye kuka. Kawu kuwa yakan zo ya zauna a ƙofar gida, ba ya shigowa, ba ya tafiya. Yayyenmu maza sukan wuce shi da sallama kawai. Ni aka bar wa saƙo, kuma na san wasiyya ba abin wasa ba ce, amma ƙafata ta ƙi kai ni zaure. Jiya dai na iya zuba fura a kwanon Habu, na ce a kai masa. An ce ya daɗe riƙe da kwanon bai sha ba.

Ya Allah, Habu ya cika cikin ƙunci, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka gafarta masa. Ka ba Hajara haƙuri, Ka raya marayunsa. Ka sanyaya zuciyar Kawu. Ni kuma Ka ba ni ikon fita in isar masa da saƙon ƙanena da bakina. Amin.