Dakalin Kwamfutarmu

Ni aji huɗu na yi a firamare, na biyar kuwa ta taga na leƙa shi kafin mahaifina ya janye ni zuwa cirar gyaɗa. Amma a ƙauyenmu, can bayan Ɗambatta inda kwalta ta gaji ta tsaya, aji huɗu ba abin wasa ba ne a cikin sa'o'ina. Shi ya sa da wata ƙungiya ta birni ta kawo wa manomanmu kwamfuta, har da farantin sola a kan rufi, ba a yi dogon zance ba aka miƙo mini mabuɗin ofis. Na sa masa igiya na rataya a wuya. Shekara sittin da ɗoriya ina duniya ba wanda ya taɓa matsa mini wuri a kan tabarma, sai da mabuɗin nan ya hau ƙirjina.

Wadda ta kawo ta wata Hajiya ce, jami'ar ƙungiyar, mai tabarau, ba ta maimaita magana. Ta zuba taswirar gonakinmu a ciki, unguwa-unguwa, kowace gona da iyakarta, don a rage rigimar da ake yi duk damina. A wajenmu gona manne take da gona. Ka yi taku ɗaya ba daidai ba, ka shiga dawar wani. Da za ta tafi ta ce:

"Baba, zan dawo bayan kaka. In na tarar kai kaɗai kake taɓa ta, sauran manoma ba su san hanyar gonarsu a ciki ba, zan ɗauke ta in kai ƙauyen gaba."

Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki." A raina kuwa na ce, wa zan bari ya taɓa? Mutanen da yatsunsu suka yi kanta da ƙotar fartanya?

To, a can ƙasan gilashin kwamfutar akwai wani siririn layi baƙi ƙirin, daga wannan gefe zuwa wancan. A kansa Hajiya ta jera 'yan akwatuna huɗu, kowace unguwa da nata, in ka danna sai ya buɗe maka gonakin unguwar. A ƙarshen layin daga dama kuma ga agogo. Ta faɗi sunan abin da Turanci, ban riƙe ba. Ni dai da na dube shi na ga dakali ne sak, irin na ƙofar gida, dattawa huɗu sun zauna a kai suna shan iska. Daga ranar sunansa ya zama dakali a garinmu.

Sai dai dakalin mummuna ne. Baƙi kamar gindin tukunya, akwatunan kuma duk rawaya, iri ɗaya, kamar an yi musu anko. Ni kuwa mutum ne mai ido. Ko rumbuna ba na bari ya kwana shekara ba yaɓe. Na ce wannan ba zai yiwu ba, baƙi za su zo su ce ba mu san ado ba.

'Yata ta fari tana aikin asibiti a Ɗambatta. Ranar da ta zo ganin uwarta na ja ta ofis, ta nuna mini cewa shi maus ɗin nan, ɗan abin da ake turawa da hannu a kan tebur, kunne biyu gare shi, in ka danna na dama a kan dakali sai wata ƙofa ta buɗe, nan ake canza launi, a ƙara kauri, a sauya hoton akwati. Ta ce, "Baba, don Allah abin da ba ka gane ba kada ka taɓa." Na ce mata tun ba a haife ta ba nake karanta Turanci.

Mako guda na yi ina aikin nan, har ciyawa ta so ta fi ƙarfin gerona. Na mai da dakalin kore, launin sabon ganyen dawa. Na ƙara masa kauri yadda dattijo zai gani ba sai ya runtse ido ba. Sannan na raba wa unguwanni hotuna: unguwar dagaci na ba ta laima, ta liman na ba ta wata, tamu na zaɓa mata zangarniya, unguwar Sarkin Noma kuma na ba ta akuya.

A nan sai in yi bayani. Sarkin Noma taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma gonarsa ce a yamma da tawa. Shekara arba'in ke nan in yana huɗa ba ya sanin inda zai tsaya. Sai ya ja garma har ta shiga gambar da ke iyakarmu, in na yi magana ya ce shanun ne ba su iya karatu ba. Don haka akuya daidai take da shi, ita ma ba ta san gonar wani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kira dattawa su ga aiki. Dagaci ya yi 'yar boko, daga hagu yake fara karatu. Ya ga laimarsa ce a farkon hagu, ya gyara rawani ya ce, "Madalla, an san girma." Liman kuwa daga dama yake farawa. Ya ga watansa ne a ƙarshen dama, ya shafa gemu ya ce, "Ma sha Allah, an sa ilimi a gaba." Kowa ya ɗauka shi ne na ɗaya. Na yi shiru abina, don a aji huɗu an koya mana cewa ba kowace tambaya ake ɗaga wa hannu ba.

Sai liman ya ƙara duba, ya ce, "To shi wannan agogon, me ya kai shi damana?"

Na ce, "Allah gafarta malam, ai ko a masallaci shi kake bi." Ya yi tsaki, amma ya bar zancen.

Sarkin Noma ne ya ɓata taron. Ya ƙura ido ya daɗe, ya ƙirga daga hagu, ya ƙirga daga dama, ya ga ta ko'ina ba shi ne na fari ba.

"Kai, tsohon banza, ni ka sa a tsakiya kamar kifi a gwangwani? Kuma akuya?"

"Sarki, ai akuyar mai ƙiba ce. Dube ta da kyau."

"Za ka ga mai ƙiba."

Bayan kwana biyu na fita alwala na bar ofis a buɗe. Ina dawowa na tarar akuya ta tsallake laima ta zauna a farkon hagu. Ashe duk kwanakin nan da yake zama a bayana yana cin goro, hannuna yake kallo. Ya gane in ka danne akwati ka ja, biyo ka yake yi kamar ɗan maraƙi. Na mai da ita wurinta. Washegari labari ya kai wa dagaci cewa akuya ta taɓa zama a gabansa. Ya zo da kansa, ya ce in nuna masa yadda ake ja, don kada a sake yi masa haka yana raye. Wa zai hana dagaci? Liman ya ji, shi ma ya zo, ya yi bisimilla ya kama maus da yatsu biyu kamar zai ɗauki kunama. Kafin gero ya yi kai, ba dattijon da bai iya ja ba. Kowa in ya zo sai ya fara danna akwatin unguwarsu ya tabbatar gonarsa tana nan, sannan ya ja shi gaba ya tafi. Mutanen unguwanni suka shiga aiko wakilai. Ni da nake ganin na fi ƙarfin a taɓa mini kaya, na koma mai gadin dakali, ko fitsari ba na zuwa da kwanciyar rai.

Ana gobe Hajiya za ta zo, da la'asar, na ce bari in kawo ƙarshen abin. Na buɗe ƙofar nan ta kunnen dama, na ga wani ɗan gurbi da doguwar magana a gefensa. Na karanta rabi, na ga kamar tana nufin a kulle dakali kada kowa ya motsa. Na danna. Na ja 'yar kibiyar da maus ke yawo da ita a gilashi, na yi sama da ita don in ga kyan aikina.

Dakali ya nutse. Ya sulale ƙasa kamar an ja tabarma, da laima da wata da akuya da agogo, duk suka tafi. Gilashi ya zama fili fetal.

Na kashe na kunna. Babu. Na buga wa 'yata, wayarta a kashe, tana bakin aiki. Na leƙa bayan kwamfutar, har ƙarƙashin tebur na duba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban kai kibiya ƙasa can ba. Ni tun farko ba na kai ta baki, a ganina in ta faɗa ba mai tsamo ta. Mutum ne ni mai tsayawa taku guda kafin iyaka.

Da hantsi Hajiya ta iso, dattawa sun cika ofis. Ta dubi gilashi, ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, ina akwatunan?"

Na gyara murya na ce, "Hajiya, tsafta muka yi. Yanzu haka ake yayi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To. Kai matsa. Wani ya zo ya nuna mini gonarsa."

Na ji mabuɗin wuyana ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na hango kwamfuta a bayan mota, mutanen ƙauyen gaba suna yi mana gwalo har jikokinmu. Dagaci ya dubi rufi. Liman ya ciro carbi. Sai Sarkin Noma ya tofar da goro ta taga ya ce, "Ina akuyata? Wannan tsohon ya sayar da ita ne?"

Ya danƙi maus da tafin hannu gaba ɗaya, ya ja shi yadda yake jan garma, ba birki, har kibiya ta daki ƙasan gilashi. Sai ga dakali ya taso, kore shar, kowa zaune a wurinsa. Ya saki, ya ɗan ja sama, dakali ya nutse. Ya sake kai kibiya iyaka, dakali ya taso. Ofis ya ɗauki salati.

Ya danna akuya, ya nemo gonarsa, ya nuna wa Hajiya iyakarta ta gabas da ɗan yatsa, ya ƙara da cewa taswirar ta ɗan cuce shi a nan. Dagaci ya karɓa ya buɗe tasa, kuma kafin ya tashi ya ja laima gaba. Liman ya mai da wata dama. Wani daga unguwarmu ma da ban san ya iya ba ya zo ya buɗe zangarniya. Hajiya ta cire tabarau ta ce ta zaga ƙauyuka da yawa, ba ta ga inda tsofaffi ke rububin kwamfuta haka ba. Ta tambaye ni wace dabara na yi na koya musu.

Na ce, "Haƙuri, Hajiya. Koyarwa sai da haƙuri."

Sarkin Noma ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Kwamfuta dai ta zauna. Amma Hajiya ta ce abin jama'a bai kamata ya rataya a wuya ɗaya ba, a yanko mabuɗi na biyu a ba wa wannan bawan Allah da ya gano dakali. Ta nuna mini yadda zan cire alamar da na sa, na cire a gabanta, dakali ya daina ɓuya.

Yanzu mu biyu ke da mabuɗi. Shi yana riga ni zuwa, don gidansa ya fi kusa. Kullum in na shigo sai in tarar akuya a farkon hagu, in mai da ita tsakiya, in zauna. Kwanan baya na lura ya koyi ƙara girman hoto, akuyar ta yi ƙiba har tana matse zangarniyata. Na yi masa magana, ya ce shi bai san komai ba, wataƙila kiwo ne ya karɓe ta.