Kawu Mai Hoto da Tsuntsayen Bakin Famfo

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a wani ɗan shagon hoto kusa da tashar mota. Ko a gida Mai Hoto ake ce masa, har matarsa ma, wadda mu muke kira Inna. Shagon ɗaki ɗaya ne: benci a bakin ƙofa, madubi, mataji ɗaure da zare don kada a wuce da shi, farin labule a bango, sai wata tsohuwar kwat da yake ara wa masu neman aiki su saka a ɗauke su. Duk wanda ya shiga magana ɗaya zai ji: "Ɗago haɓa. Kada ka motsa." Ba mutum ne mai fara'a a wurin aiki ba, amma bai taɓa sallamar wani da hoton da ido ya rufe ba.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, ciniki ya yi ta ja da baya, har ya zama sai Kawu ya wuni yana korar ƙuda. Wata rana ya kira motar kaya aka kwaso masa komai zuwa gida. Wanda ya karɓi shagon bayansa kuwa mai gyaran waya ne. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya shiga nan, ya leƙa can, ya ce tsintsiya ba a nan take zama ba. Inna ta kira mahaifiyata ta ce, "Zo ki ɗauki yayanki don Allah, ya fara koya mini wankin tukunya."

A ƙarshen tsakar gidansu, jikin katanga, akwai famfo mai ɗiga da wata bishiyar lemo da ba ta cika haihuwa ba. Nan Inna take zama tsintar shinkafa, ta watsar da tsakuwa da karyayyun ƙwayoyi. Ta daɗe tana fama da Kawu ya gyara famfon. Ran da ya ɗauko sifana ya nufi wurin, sai ya tarar da wasu jajayen tsuntsaye ƙanana, irin waɗanda ake ce wa baiwar Allah, suna wanka a ɗan ruwan da ya taru a ƙasa. Ya tsaya da sifana a hannu har suka gama suka tashi. Daga nan ya juya ɗaki, ya hau kujera, ya sauko da jakar kyamara daga saman kwaba.

Hotunan farko ba su yi ba. Da kyamara ta yi ƙara sai su watse. Inna ta leƙa ta ga abin da ya ɗauka, ta ce, "Kai, famfon nan ya yi kyau. Ina tsuntsayen?"

Sai ya sake shiri. Ya ɗauko farantan roba da yake wanke hoto a ciki tun zamanin fim, ya zuba ruwa a ɗaya, tsaba a ɗaya. Ya ɗaura tsohon labulen shago tsakanin bishiyar da ƙusa, ya huda shi daidai bakin kyamara, ya ajiye kujera a baya. Kowace safiya kafin rana ta yi zafi yana can a ɓoye. Kurciyoyi ne suka fara sabawa, su sauko suna tafiyar ƙasaita. Sai kanari, sai marai masu surutu da suka mai da bishiyar lemon gidan haya. A hankali ya gane wa ke son shinkafa, wa ya fi son ɓawon gwanda, wa kuma ruwa kawai ke kawo shi. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ga shi har shayinsa ya huce bai sani ba.

Baƙin nasa sun zo da nasu rigingimun. Igiyar shanya tana kusa da bishiyar. Inna ta zo ta shimfiɗa masa farin zanin gado a cinya, duk kashin tsuntsaye, ta ce, "Mai Hoto, abokanka sun sa hannu." Ya wanke zanin da kansa, ya mai da igiyar ɗaya ɓangaren. Bayan nan kyanwar maƙwabcinsa mai walda ta diro daga katanga ta kama kurciya a gaban idonsa. Ya fita ko takalmi babu ya buga musu ƙofa. Mai walda ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Baba, kai fa ka buɗe mata gidan abinci a ƙasa. Me kake so ta yi, ta gaishe su?" Washegari ya kawo dogon ƙarfe mai santsi da faffaɗan kai, suka kafa shi tare, aka ɗora farantan a sama. Kyanwa ta koma kallo daga katanga.

Akwai tsuntsu ɗaya da ya hana Kawu sakat: alhudahuda, mai tukku da dogon baki. Sau ɗaya ya hango shi ta taga yana caccakar ƙasa gindin lemo, kafin ya ɗauko kyamara ya tashi. Ya yi ta dakonsa, shiru. Wata safiya ya tafi asibiti awon hawan jini. Da ya dawo Inna ta ba shi ruwa, ta bari ya zauna sosai, sannan ta miƙa masa wayarta. Ga alhudahuda nan, tukku a buɗe kamar mafici, tsutsa a baki.

"Wa ya turo miki?"

"Turo mini? Dubi bokitina a bayansa."

Ya ja hoton da yatsu, ya matso da shi, ya nesanta. "Kin yanke masa wutsiya."

"Shi dai bai yi ƙorafi ba."

Can da la'asar ya ce ta ara masa wayar, ya fita, ya dawo da hoton an wanke shi babba, an sa a gilashi. Ya rataye shi a falo. Duk baƙon da ya yaba, sai ya ce, "Ba aikina ba ne, na mai ɗakina ne." Idan ba ta kusa ya ƙara da cewa, "Haske ne ya taimake ta." Tun daga lokacin aka ƙara kujera ta biyu a bayan labule, aka huda rami na biyu.

Zuwana na ƙarshe lokacin zafi ne. Ƙudan zuma sun gano farantin ruwa, suna zuwa sha, wasu su faɗa ciki su mutu. Kawu ya jera musu 'yan duwatsu a ciki don su sami wurin tsayawa. Bai tsaya nan ba, ya ce sai ya ɗauki ɗaya tana shan ruwa, a kusa sosai. Na same shi zaune da ido ɗaya a kumbure sumtum, ta harbe shi, Inna tana danna masa ƙanƙara a tsumma tana dariya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Kawu, sannu. Ai da ka bar su haka."

"Laifina ne, na yi mata inuwa," in ji shi. Ya ture hannun Inna, ya jawo kyamara ya nuna mini. Ga ƙudan zuma a kan dutse, harshenta a ruwa, har gashin ƙafarta ana gani. Ya daɗe yana kallon hoton da idon da ya rage. Sannan ya ɗago ya ce, "In za ki dawo, ki taho mini da gyaɗa ɗanya. Akwai wani baƙo mai shuɗin wuya da ya ƙi cin shinkafa."