Kwale-kwalen Fatar da Aka Ɗinka wa Habu

A shekarun nan gab da Ghana ta sami 'yanci, gidanmu na unguwar Zango gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Kakata, wadda ta haifi babana, koko take sayarwa a kasuwar Kejetia. Bayan magariba sai ta hura wuta ta ɗora ruwan aikin gobe, mu kuma yaran gidan mu kewaye murhun, Hausawa da Mosawa da 'ya'yan Dagomba, kowa da irin Hausarsa. Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da muka fi roƙo, ita kuma ta fi jinkirin bayarwa.

Labarin wani baduku ne da ɗansa mai suna Habu. Yaron ya taɓa bin masu koro shanu daga arewa, ya ga jirage a babban kogi, tun daga ranar ya hana ubansa sakat sai an yi masa nasa. Badukun bai iya sassaƙa ba, fata ya sani. Sai ya samo rassa masu laushi, ya jiƙa su a ruwan zafi, ya lanƙwasa su kamar haƙarƙarin saniya, ya ɗaure da tsirkiya. Ya je mayanka ya sayo fatun shanu biyu, shi da yaron suka kankare gashin, suka ja fatar tana jiƙe bisa itatuwan. Uban na huda da basilla, ɗan na jan zare. Suka shafe ɗinkin da kitse, suka bar shi a rana har ya ɗame. Kaka takan buga ƙwarya da yatsa ta ce haka yake ƙara, kamar ganga. Takan kwaikwayi dariyar Habu, da yadda yake zama a ciki a tsakar gida yana tuƙi da muciyar uwarsa.

A nan Kaka take tsayawa kullum. In muka tambaya ko ya hau ruwa, sai ta ce wuta ta mutu, kowa ya tafi wajen uwarsa.

Wata ranar damina aka wuni ana ruwa, yaran ba su fito ba. Ni da ita muka rage a ƙofar ɗaki, na sake tambaya. Ta daɗe tana gyara itace kafin ta amsa.

"Ya hau ruwa, Azumi. Ko ɗigo bai shiga ba. Ɗinkin kakanki ba ya yoyo."

Ranar na san badukun mijinta ne, Habu kuwa yayan babana. Ta ce uban ya yi alkawarin za su gwada shi tare in ruwa ya ja baya. Habu bai iya jira ba. Ya ɗauke shi a ka, don ba shi da nauyi, ya nufi rafin Subin yana cike. Washegari aka ga kwale-kwalen maƙale a cikin ciyawa, a zaune daram. Habu kuwa sai can ƙasan rafin aka sami gawarsa. Kakana bai ƙara riƙe basilla ba, dako ya koma yi har ya rasu.

Na ce mata me ya sa take ba mu labarin, tunda yana sa ta baƙin ciki.

"In ina ba ku, yana nan tsakar gida yana dariya," in ji ta. "Gaba da nan ba ni da shi."

A lokacin na ɗauka darasin shi ne yaro ya ji maganar iyaye. Sai da na binne 'yata Rabi tana budurwa na gane ba wa'azi Kaka take mana ba. Yanzu jikokina na tambayata labarin gwaggonsu. Nakan gaya musu yadda take rera waƙa tana wanki, yadda take satar ƙosai tana musu, ga mai a bakinta. In suka ce daga nan sai me, ni ma bakina ba ya iya wucewa.