Ba Ta Mutuwa Sai a Hannuna

Ni aka ba wa kwamfutar farko da ta shigo ofishinmu na Rogo, kuma ba don ana sona ba. Ni kaɗai ce nake buga tafireta ba tare da na kalli yatsuna ba, sai aka tura ni Kano na koyo, na dawo aka miƙa mini mukullin wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Ƙarshen mulkin soja ne lokacin. Ofishin na harkar manoma ne, taki da iri da maganin feshi, kuma duk ma'aikatansa maza ne in ban da ni.

Ban daɗe da fita takaba ba. Mijina mutumin Gwangwan ne, zazzaɓi ya ɗauke shi, Allah bai ba mu haihuwa ba. Yayana ya so in tattara in koma gidansa a Karaye, na ce ya yi haƙuri, aikina zan riƙe. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai nauyin ji, wadda in na ce mata ina kwana sai ta ce ai ta ci. Daga ɗakin haya zuwa ɗakin kwamfuta, daga ɗakin kwamfuta zuwa ɗakin haya, shi ke nan duniyata. Sai in wuni in kwana, in ban da gaisuwa ba wanda ya ce mini ci kanki.

Akwai kuma maganar da ta biyo ni daga Gwangwan. Shekarar da aka kai ni gidan, ciwo ya shiga shanunsu, gyaɗa kuma ta ƙi. Da mijina ya rasu, uwarsa ta faɗa a gaban mata masu zaman makoki cewa farar ƙafa gare ni, duk inda na taka sai ya bushe. Da kunnena na ji, ina bayan labule. Masinjan ofishinmu kuwa matarsa 'yar Gwangwan ce, ga shi bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. To kun ga ke nan.

Malamin da ya koya mana a Kano abu ɗaya ya yi ta nanatawa, wai ƙura ce ajalin kwamfuta. Ni kuwa in aka ce mini riƙe, riƙewa nake yi har da haƙori. Na toshe tagar ɗakin da kwali. Na zauna na saƙa wa akwatin kwamfutar riga da zaren ulu, shuɗi da fari, na tura shi ƙarƙashin tebur ya jingina da bango. Sannan ina aiki ƙofa a rufe. Wannan kam ba don ƙura kaɗai ba. Bazawara a tsakiyar maza, in ta bar ƙofa a buɗe sai a ce talla take yi. Amma da zarar namiji ya zo da aiki, sai in wangale ƙofar in tokare ta da dutse har ya fita. Wannan ba sai an koya wa mace ba.

Duk lokacin sanyi muka zauna lafiya ni da kwamfutar. Har hira nake mata, ba na ɓoyewa. In na kunna ta da safe ta yi 'yar ƙararta, sai in ce, “Kin tashi lafiya?” Ita ce dai mai amsa mini ba tare da ta kalli ƙafata ba.

Bazara na shigowa ta fara iskanci. Ina tsakiyar bugu sai komai ya daskare, in danna nan in danna can, shiru. Wani lokaci allon ya koma shuɗi da wani rubutun Turanci da ba na gane kansa ko gindinsa. Wani lokaci kuma ɗif, ta ɗauke, ta sake tashi da kanta kamar ba ita ba, aikin da na yi tun safe ya bi iska. Ba ta da rana, ba ta da lokaci. Yau ta mutu kafin azahar, gobe ta wuni garau, jibi ta mutu ta sake mutuwa.

Ba irin zargin da ban yi ba. Na fara da janareta, na ce shi ke wasa da wuta. Aka aro mini sitabilaiza, na'urar daidaita wuta, daga wani shago, ba ta fasa ba. Na zargi diskin da ake kawowa daga Kano, don an ce suna ɗauko cuta, na daina saka su gaba ɗaya. Na zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na hure su, na mayar. Na ce ko yawan fayil ne ya yi mata nauyi, na goge har da waɗanda daga baya na yi da-na-sani. Na daina cin gyaɗa a kusa da ita. Kai, har tofi na yi mata, Allah ya yafe mini.

Shugaban ofishinmu dattijo ne mai sanyin hali. Da rahoton taki ya makara zuwa Kano har aka yi masa faɗa, sai ya aika aka ɗauko mai gyara. Mutumin ya zo da jakarsa, na wangale ƙofa na tokare. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya kwashe da dariya.

“Malama, har da riga? Saura ɗankwali.”

Ya cire rigar, ya ɗora akwatin a kan tebur, ya kwance murfin gefe, ya kunna. Ya wuni yana danne-danne, ni ma na yi bugu a gabansa har yatsuna suka gaji. Ko tari ba ta yi ba, munafuka. Da la'asar ya ɗaure murfin ya ce wa shugaba, “Ranka ya daɗe, ta fi ni lafiya.” Yana fita na mayar mata da rigarta, na tura ta wurinta. Washegari ta mutu a hannuna.

Shugaba da kansa ya zo ya zauna a bakin ƙofa rannan yana kallona ina aiki. Lafiya lau. Akawu ya zo da aikinsa ya tsaya a kaina. Lafiya lau. Masinja ya fara yawo da maganar a baranda, wai kwamfutar Malama kunyar maza take ji. Aka yi ta dariya, ni ma na yi yaƙe. Ba a jima ba dariyar ta sauya launi. Na fito alwala na ji masinja yana cewa, “Ai ba injin ba ne. Ku je Gwangwan ku tambaya.” Suna ganina, ɗaya ya shiga gaishe ni da wani irin ladabi da ya fi zagi ciwo.

Daga ƙarshe shugaba ya kira ni. Bai iya haɗa ido da ni ba.

“Malama, ni ban ce komai ba. Amma abin nan bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, sai ke kaɗai. Na sake aika wa mai gyara. In ya zo bai ga komai ba, zan nemi a turo wani daga Kano, ke kuma ki ɗan je gida ki huta.”

Hutu! Na san hutun. In koma Karaye, ɗakin da ke kusa da turken awaki a gidan yayana, da sunan da zai riga ni isa. Mace ta ci shanu, ta ci miji, ta ci injin gwamnati. Wa zai sake ba ni ko allura in riƙe?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na fara yarda. Wallahi na fara. Rannan bayan na idar da salla na ɗaga ƙafata na zuba wa tafin ido. Fari ne, kamar na kowa. Na rasa wanda zan tambaya ko farin nawa ya fi na mutane. Tsohuwar gidanmu na tsakar gida tana tsince wake, in na yi mata maganar ma sai duk unguwa ta ji kafin ita ta ji.

Ana saura 'yan kwanaki mai gyara ya zo, ta sake ɗaukewa da rana tsaka. Ban ko yi tsaki ba, na gaji. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa don in danna maɓallin, sai hannuna ya shige ƙarƙashin rigar ulun. Na janye da sauri, na sake mayarwa. Zafi rau! Wannan zafin na san shi. Haka goshin mijina ya yi a kwanakinsa na ƙarshe, in na ɗora hannu sai in ji kamar murfin tukunya. Na daɗe a zaune hannuna a kan ƙarfen ina kuka, ban san ko wa nake yi wa ba. Sai a lokacin na lura ni kaina na jiƙe sharkaf, ɗakin ba ko numfashin iska.

Na shiga tuna ranakun ɗaya ɗaya. Ranar mai gyara, ƙofa a buɗe. Ranar shugaba, a buɗe. Ranar akawu, a buɗe. Duk ranar da ta wuni garau, rana ce da aka yi ta shigo mini da aiki. Duk ranar da ta mutu, rana ce da ba wanda ya tako ɗakina. Ashe ba ta rasa lokaci ba, lokacinta shi ne lokacin da nake ni kaɗai.

Da na so, sai in bar ƙofa a buɗe in ja bakina in yi shiru, a ce abin ya wuce da kansa. Amma da sai masinja ya ce na je an yi mini rubutu na sha. Ni kuma ina son in sani, ni da kaina, don zato ne kawai nake yi.

Ranar da mai gyara ya dawo, na tare su a baranda shi da shugaba.

“Ranka ya daɗe, ina da roƙo. Ba namijin da zai taɓa ganin mutuwar injin nan muddin ina cikin ɗakin, don ba zan rufe ƙofa da namiji ba. Ku ku shiga ku rufe. Ku bar ta da rigarta, a inda take. Ni zan zauna a waje.”

“Haba Malama, wannan kuma wane irin abu ne?”

“In ba ta mutu ba, ba sai ka ce in tafi ba. Da ƙafata zan tafi, farar.”

Ya sunkuyar da kai. Wato shi ma ya ji maganar. Mai gyara ya ce ai ba a rasa komai ba, a gwada. Suka shiga, na ji ƙarar sakata.

Na je gindin dalbejiyar da ke gaban ofis na zauna a kan benci, nesa sosai, don kada a ce inuwata ta kai. Masinja ya jingina da bango yana sakace. Rana ta take. Mai fura ta wuce ta yi mini tayi na girgiza kai. Aka kira azahar, ƙofa ba ta motsa ba. Na fara lissafin kayana a zuci: katifa, risho, akwatin tufafi, ko mota ɗaya za ta ɗauke su zuwa Karaye. Na ce a raina, shi ke nan, ashe uwar mijina gaskiya ta faɗa. Ban taɓa roƙon Allah ya kashe wani abu ba sai ranar.

Sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Shugaba ya fito hula a hannu, babbar rigarsa ta manne masa a baya.

“Ta ɗauke! Malama, ta ɗauke! Innalillahi, a cikin wannan tandar kike wuni?”

Na tashi na bi shi ciki.

Mai gyara ya kwance bayan akwatin ya nuna mana wata 'yar fanka da ban taɓa sanin tana nan ba. Da kyar take juyawa, zaren ulu ya nannaɗe ta, zanzaro kuma ya fara gini a gefenta. Ya ce zuwansa na farko bai duba nan ba, tunda ba ta yi masa gardama ba. In da iska tana iya lallaɓawa, in ba iska sai zafi ya kayar da ita. Ya ɗaga rigar da yatsa biyu ya ce, “Malama, garin neman gira.” Na ce na ji, ba sai ya ƙarasa ba. Ya sa sabuwar fanka, aka ɓalle kwalin taga, aka ba ni fankar tsaye daga ofishin shugaba.

Ba wanda ya ba ni haƙuri, tunda ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska. Masinja ya samu wani abin dariyar ya koma kansa. Na ci gaba da aikina, ƙofa a buɗe tun daga ranar. Mutane su wuce su ce sannu da aiki, in ce yauwa, su wuce.

Amma akwai mutum ɗaya da nake son ta ji. Da Juma'a ta zagayo na sayi goro da sabulu na hau mota zuwa Gwangwan. Tun a hanya nake shirya maganar, yadda zan fara, inda zan tsaya in kalle ta. Na tarar da uwar mijina a tsakar gida, ta rame, tana zaune a gefen ɗakin ɗanta, ɗakin a kulle da kwaɗo. Na durƙusa.

“Inna, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'abocinsa. Ya aikin?”

“Alhamdu lillahi.”

Muka yi ta jan gaisuwa, gida, gona, zafi, shanu. Maganar tana bakina ta ƙi fita. Me zan ce mata? In ce fanka ce? A zancen injin na samu ɗakin da zan rufe mutane in koma gefe in jira su gani da idonsu. Na ɗanta kuwa babu wannan ɗakin, kuma ba za a taɓa samunsa ba. Na ajiye goron da sabulun a gabanta, ta ce an gode, Allah ya kiyaye hanya.

Na kai zaure sai na tuna na bar jakata a gefen tabarma. Na juyo. Ta riga ta miƙe, ta ɗauko tsintsiya, tana share sawuna tun daga inda na durƙusa. Muka haɗa ido. Na ɗauki jakata na ce, “Sannu da aiki, Inna.” Ta ce, “Yauwa.”