Takardar Jinin Ƙanena

Shekarun baya, a shekarar korona, ni na tura ƙanena gona ya je ya mutu. Likita ya ce a bar shi asibiti. Ni na ce a'a.

Mu manoman shinkafa ne a Birnin Tudu, noman rani muke yi da ruwan kanal. Ni ne babba tun da mahaifinmu ya rasu. A gidanmu idan babba ya yi magana, ƙane ba ya ƙara tasa.

Mura ta kama mu tare. Ni ta kayar, ina tari kamar ƙirjina zai tsage. Shi zazzaɓi ne kawai da ɗan ciwon kai. Shi ya goya ni a mashin har asibitin Mafara, ya ɗaure ni da rawani a bayansa kada in faɗi. Yana tuƙi yana tsokanata.

"Yaya, ka yi nauyi. Ashe duk tuwon gidanmu cikinka yake zuwa."

A asibiti aka ɗebi jinina. Likitan ya ji ƙanena ya yi tari sau biyu, ya ce shi ma a ɗiba. Da takardun suka fito, ya duba tawa ya ajiye. Ta ƙanena ya daɗe yana kallo, har ya zagaye wani wuri da jan biro.

Ya ce, "Malam, kai da sauƙi. Ƙanenka nake jin tsoro."

Na ce, "Wanga da ya kawo ni?"

Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, iri-iri ne. Iri ɗaya a jinin ƙanena ya ragu ƙwarai, wani irin kuma ya hau. Ya ce idan suka ga haka a mai irin wannan mura, sau da yawa numfashi na lalacewa bayan 'yan kwanaki, ko da mutum na tafiya da ƙafarsa. Ya ce ba gaibu ya sani ba, amma gara a ajiye shi kusa da iskar tukunya, wadda ake sa wa mai wahalar numfashi.

Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa. Sai ya ce, "To ka san tsutsar kara. Ganye kore, ciki an cinye."

Na san ta. Na fi shi saninta. Amma washegari ne ranar ruwanmu. Ruwan kanal layi ake bi, idan naka ya wuce sai mako ya zagayo, kuma kwana biyu da muka gama dashe. Ni kuwa an riga an ba ni gado. Na dubi ƙanena kamar yadda nake duban bijimi a kasuwa: ido garau, ƙafa tsaye, ya ci fura a gabana. Ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, na yanke cewa takarda ce ta yi kuskure.

Na ce, "Ka koma ka buɗe ruwa. In ka gama ka dawo."

Ya ce, "Yaya, likita fa ya ce..."

Na ce, "Ni mi na ce?"

Ya sunkuyar da kai. "To, Yaya."

Likitan ya bi shi har bakin ƙofa yana roƙo. Ƙanena ya ce masa, "Ka yi haƙuri, likita, babba ya yi magana."

Ya buɗe ruwan. Ya wuni cikin laka har gwiwa. Kwana uku bai dawo ba, matarsa ta ce yana cewa gobe, gobe. A rana ta huɗu aka kawo shi kwance a bayan mota, leɓɓansa sun yi baƙi. Gadonsa na kallon nawa. Suka sa masa iska. Ya janye robar daga bakinsa ya ce da ni, "Ruwa ya kai har ƙarshen gona." Bayan la'asar ya cika.

Ni aka sallame ni bayan mako guda. Shinkafar ta yi kyau a shekarar. Ban iya cin ta ba.

Malamai sun ce mini kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, ba na jayayya da ikon Allah. Amma bakina ne ya ce ya tafi, wannan kuma babu wanda ya iya cire mini. Matarsa ba ta taɓa faɗa mini magana ba. Tana durƙusawa ta gaishe ni kamar da. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Takardar na cikin aljihun rigarsa da na ajiye. Har yau ban iya karanta ta ba, jan zagayen kawai na sani.

Yanzu ina nan Birnin Tudu, ina noma gonata da tasa, ina ciyar da 'ya'yansa huɗu. Ranar ruwa ni nake zuwa in buɗe, ni kaɗai.